Baffa Ma'aji da Kuɗin Ko-ta-kwana

Masana tarihi sun ɓata takarda mai yawa suna neman abin da ke rusa dauloli. Wasu sun ce yaƙi, wasu sun ce fari, wasu kuma suka ɗora laifin a kan 'ya'yan gata. Da sun zauna a taron ƙungiyar mutanenmu a ƙasar waje ko da na yini ɗaya, da sun hutar da kansu. Abin da ke raba kan al'umma tun ranar da aka ƙera kuɗi tambaya ce guda, kuma galibi a kan farantin shinkafa ake yin ta, murya ƙasa-ƙasa: "Wai a hannun wa kuɗin suke?"

A wurinmu, mu na Manchester da Birmingham a Ingila, amsar ba ta canja ba shekara da shekaru. A hannun Baffa suke, yayan mahaifina, ma'ajin asusun lafiya na ƙungiyarmu. A farkon hunturun da ya wuce Mai shi ya karɓi abinsa. Daga gare Shi muke, kuma Baffa ya riga mu komawa. Allah ya yi masa hisabi mai sauƙi, irin wanda shi bai taɓa yi wa kowa ba.

An yi zaman makoki a gidansa da ke unguwar Cheetham Hill a Manchester. Maza a falon gaba, mu mata a kicin da sama, takalma kuwa sun cika lungun shiga har sun gangaro kan dakalin waje, ruwa yana ta dukan su. Mutanen Birmingham suka cika bas ɗin haya suka zo. An yi kuka na gaskiya, ba zan ci amanar kowa ba. Amma ni malamar makaranta ce, aikina ne in ji abin da ake faɗa a bencin baya. Wani dattijo ya ce, "Alhaji mutum ne mai riƙo," sai ya bar kowa ya ƙarasa da kansa. Wata baiwar Allah ta yi wa Inna, matar Baffa, ya haƙuri har da hawaye, sannan ta shafa gilashin taga ta ce, "Hajiya, waɗannan sababbi ne, ko? Masu gilashi biyu? Ai suna da tsada yanzu." Wani kuma a bakin matakala yana lissafa wa na kusa da shi yawan Umrar da marigayi ya je.

'Yarsa mai aikin kemis ce ta biya kuɗin tagogin, ita kuma ta biya Umrar. Kowa a gidan ya san haka. Amma ba a tambayi 'yan gida ba.

Inna na zaune a kan tabarma, carbi a hannu, kanta a sunkuye. Na ɗauka ba ta ji ba. Ashe ta ji komai, kuma tun daga ranar abin da ya tsaya mata a rai ɗaya ne: kada sunan mijinta ya zauna a bakin mutane a matsayin wanda ya ci kuɗin marasa lafiya.

Ga wanda bai san asusun ba: kowane gida yana zuba wani abu duk wata. Asibitin gwamnati kyauta ne a nan, amma akwai abubuwan da ke faɗowa ta gefe: haƙori, tabarau, gashin ƙashi, kuɗin tasi zuwa asibiti, hoton ciki a asibitin kuɗi idan layi ya yi tsawo, ko uwa ta zo ziyara daga gida ciwo ya kama ta a miƙo wa ɗanta takardar biya. Ba riba ake nema ba. An yi wa asusun rajista da hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin jinƙai, kuma Musulmi da Kirista duk suna ciki, daga Bakano har mutumin Kafanchan. Baffa yana cikin waɗanda suka kafa shi. Da ma aikinsa ke nan, ya ƙare ƙuruciyarsa yana riƙe wa masu manyan shagunan sari na Cheetham Hill lissafi, ya ga yadda ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa a kan katan ɗin takalma.

Baffa bai yarda da kowa ba, kuma bai ɓoye ba. Idan an ba shi magani a kemis, a kan kanta zai buɗe kwalin ya ƙirga, ko da 'yarsa ce ta ba shi. Injin sayar da tikitin tram, jirgin ƙasan cikin gari, ma sai ya tsaya ya duba canjinsa, mutane na jira a bayansa. Mai hasashen yanayi ya ce za a yi rana, Baffa ya ɗauki lema; a Manchester wannan ya sa ake masa kallon mai hangen nesa. Maganarsa da duk yaran gidanmu suka haddace, har masu gurguwar Hausa, ita ce: "Allah kaɗai na yarda da Shi ba shaida. Kai kuwa, kawo."

Idan aka tambaye shi a taro nawa ne a asusu, sai ya ce, "Akwai."

"Alhaji, akwai nawa?"

"Alhamdulillahi."

Ya taɓa yi mini bayani muna shan shayi. "Malama, ranar da na faɗi adadin da bakina, rabinsu za su daina zubawa, rabin kuma su kwanta ciwo." Duk shekara yana aika wa hukuma lissafi, kuma yaranmu 'yan jami'a sun sha nuna wa iyayensu shi a waya. Iyayen sukan ture wayar su ce, "To wa ya rubuta? Ba shi ba ne?"

Babbar dokarsa ita ce ta shaidu biyu. Duk mai neman a biya masa wani abu sai ya zo da mutum biyu da za su tabbatar da ciwon, ɗaya daga Manchester, ɗaya daga Birmingham, don kada wani gari ya haɗa baki ya cuci ɗayan. A takarda doka ce mai kyau, ko alƙali zai yaba. Abin da Baffa bai sa a lissafi ba shi ne mu. Mutumin da zai kwana da ciwo wata shida yana ce wa maƙwabcinsa "ɗan zazzaɓi ne", shi aka ce ya buɗe cikinsa ga garuruwa biyu. Ka faɗa wa shaidunka ranar Talata, kafin a sauko daga Juma'a labarin ya isa Ladywood a Birmingham, ya dawo Moss Side a Manchester da ƙari, ranar Lahadi kuma a sa ka a addu'a a coci. Mai 'ya'ya a gaban aure ba zai so a ji sikila a gidansa ba. Mai ciwon damuwa gara ya mutu. Sai ya zama tabarau kawai ake nema, domin shi ne ciwon da ba a iya ɓoyewa, a fuska ake sa maganinsa.

Kuɗi suka yi ta taruwa. Baffa ya ɗauki hakan a matsayin shaidar cewa ya toshe ƙofar 'yan damfara. Jama'a kuwa, kowa ya san shi bai karɓa ba, bai kuma ji wanda ya karɓa ba, sai ya yanke hukuncin da ya fi sauƙi: kuɗi ba sa zama haka kawai ba mai taɓa su.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe ɗakin karatun da muke aron ɗaki muna taro. Aka rufe wurin da tsofaffinmu ke yini su sha shayi su yi gardama. Ganin GP, likitan unguwa, ya zama kamar neman kujerar Hajji. Mutanen da suka zo ƙasar nan da digiri biyu suka fara tsayawa a layin karɓar kayan abinci a unguwar da ba a san su ba. A cikin wannan hali hukuma ta rubuto wa ƙungiya, cikin ladabin nan na Turawa da ya fi zagi ciwo. Ta ce ta lura ajiyarmu ta ninka abin da muke kashewa sau da yawa. Tana so ta ji: me ake jira da kuɗin, kuma wane amfani jama'a ke samu da har muka cancanci a ɗauke mana haraji?

Baffa ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Birmingham."

Da ya ce Birmingham, Kawu yake zargi da kai ƙara, ƙanen mahaifiyata, likita a Ladywood kuma shugaban reshen can. Kawu Bazazzagi ne, Baffa Bakano, wasan da ke tsakanin garuruwan nan biyu kuwa sun ɗauko shi tun daga gida, sun kawo shi Ingila ba tare da an biya masa kuɗin kaya ba. Shi ya ba su damar faɗa wa juna abin da da wasu ne da an kai ga raba su.

An kira taro a zauren wani coci a Ladywood, mai sanyi kamar firiji, kowa da kwat a kan babbar riga. Kawu ya miƙe.

"Alhaji, ina da tambaya. Wannan asusun lafiya ne, ko gidan tarihi? Don in gidan tarihi ne, mu riƙa karɓar kuɗin shiga."

"Likita, zauna. Tun da aka kafa Zariya ba a taɓa jin Bazazzagi ya tara ba. Kashewa kuka iya, da Turanci."

"Ku kuma Kanawa ko likkafani sai kun nemi ragi."

"To da fa? Sau nawa ake sa shi?"

Aka yi dariya, amma Kawu bai zauna ba. Ya ce a asibitinsa na unguwa yana ganin mutanenmu sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Ya ce a fitar da wani kaso a yi awon jini da na suga kyauta, a ɗauki mota tana kai tsofaffi asibiti, kuma a buɗe wa maƙwabta ko ba 'yan ƙungiya ba ne, tunda abin da hukuma ke tambaya ke nan. "Ba ni na kai ƙara ba," in ji shi, "amma da na san ana kaiwa, da na sa hannu."

Baffa ya miƙe a hankali, yana dafa kujera. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo irin ta ranar ba. Ya ce yana saurayi a Kano ya ga lokacin da ake shiga asibiti a fito da magani ba a biya ko kwabo ba. Ya ce ba rana ɗaya abin ya mutu ba. An fara da "babu wannan, je ka saya", aka koma mutum ya zo da allurarsa da safar hannun likita, har ranar da ya tsaya a kan mahaifiyarsa ana jiran ya kawo kuɗin ledar jini. "Can ma da ɗakin karatu aka fara," ya ce. "Na ga asibitin kyauta ya mutu sau ɗaya ina tsaye hannu wofi. Ba zan gan shi sau biyu haka ba. Wannan kuɗin ko-ta-kwana ne. Ranar da aka ajiye mai karɓar kuɗi a ƙofar asibitin ƙasar nan, wurin wa za ku je? Wurin wanda ya aiko takarda?"

Baffa ya koma ya zauna. Wani a bayana ya raɗa wa matarsa, "Ka ji mai wayo. Ya iya magana."

An tashi a kan sulhun da bai gamsar da kowa ba. Aka yarda da ranar awon jini sau ɗaya a wata. Baffa ya sayi na'ura guda, shi yake kawo ta, shi yake komawa da ita, batir ɗin a aljihunsa daban. Ya rubuta wa hukuma amsa mai tsawon da na tabbata ba wanda ya kai ƙarshenta. Suka aiko da godiya. Godiyar ta hana shi sukuni mako guda. "Me suke nufi da sun gode?"

Cikin waɗanda suka fi kowa kuka a makoki akwai wata nas, 'yar Kafanchan, da ke zaune a Moss Side, muna ce mata Maman 'yan biyu. Mahaifiyarta ta zo taya ta jego, sai ɓarin jikin tsohuwar ya shanye. Dokar asusu ta ce sai an sanar da zuwan baƙo kafin ya sauka, nas ɗin kuma ba ta sanar ba. Ta kawo shaidunta biyu, ta zubar da kunyarta a gaban kwamiti, Baffa ya ce a'a. Ya faɗa ba tare da ya kalle ta ba. Ta fita tana cewa Allah ya isa.

Ranar Litinin da safe ta ji hon a ƙofar gida. Baffa ne a tsohuwar motarsa. "Fito da Mama, za mu makara gashi." Haka ya yi ta kai tsohuwar yana dawo da ita har ta fara taka ƙafarta. Yana ƙorafin kuɗin ajiye mota, yana duba agogo don ya tabbatar mai gashin ba ta rage minti ba, tsohuwar na yi masa waƙoƙin coci da Hausa a kujerar baya yana cewa ta rage murya tana hana shi ganin hanya. Bai taɓa ba da haƙuri a kan a'ar da ya ce ba, ita ma nas ɗin ba ta janye Allah ya isanta da baki ba. Da aka ga irin kukan da take yi a makoki, na ji wata ta ce, "Wannan kam ta samu wani abu."

A shekararsa ta ƙarshe Baffa ya fara ramewa. Ya ce azumin nafila ne. Ya ce sanyi ne. GP ya tura shi a yi masa hoton ciki, aka sa shi a layi, layin kuma bai motsa ba. A asibitin kuɗi da an yi cikin 'yan kwanaki, kuma irin abin da aka kafa asusun dominsa ke nan. Inna kaɗai ta sani, ya kuma sa ta rantse. Sai da ya faɗi a bakin masallaci muka ji, lokacin abin ya riga ya bazu.

Ina ɗakin asibitin da rana lokacin da Kawu ya iso daga Birmingham, ko kwat bai cire ba. Ya ɗauki takardun da ke ƙasan gado ya karanta a tsaye, kamar yadda likitoci ke yi, ya mayar.

"Alhaji, tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kana zaune a kan kuɗin da za su yi wa unguwa guda hoto, ka tsaya a layi? Me ya hana ka nema?"

"Shaidu biyu," in ji Baffa. "Ɗaya daga Birmingham."

"Ai ni ne Birmingham ɗin!"

"Shi ya sa."

Kawu ya ce, "To aljihunka fa? 'Yarka fa? Ni fa?"

"A gan ni a asibitin kuɗi, Likita? Ni? Kafin in cire riga an ce na asusu ne."

Kawu ya juya mana baya ya tsaya yana kallon wurin ajiye motoci. Da ya juyo, idonsa ja, sai ya ce, "Bakanon banza." Baffa ya ce, "Kai ma ka zo da gangan ne a lokacin abinci." Kawu ya zauna ya ɓare masa lemo, Baffa ya karɓa ya duba kowane ɓari kafin ya kai baki.

Ranar addu'ar bakwai kwamiti ya zo da ambulan ɗin gaisuwa, kamar yadda ake yi wa kowane gida. Kawu ne ya miƙa, daga bakin ƙofar ɗakin da Inna ke takaba. Inna mace ce da za ka shekara ba ka ji ta ɗaga murya ba. Ba ta ɗaga ba ranar ma.

"Likita, ku mayar da shi."

"Hajiya, lafiya? Haƙƙinku ne."

"Ba zan taɓa kuɗin ƙungiya ba sai an bincika. A kawo odita."

"Haba Hajiya, wa ya ce wani abu? Mutum ya rasu, a bar shi ya huta."

"A cikin gidana aka shafa mini taga, Likita. In kun bar shi ya huta, jikokinsa ba za su huta ba. A bincika tun daga ranar farko. Kuma ba Bakano, ba Bazazzagi, ba wanda ke da suruki a Manchester ko Birmingham. Ku nemo wanda ko sannu bai iya ba."

Kawu ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ya ce, "Hajiya, shekara nawa kuka zauna da Alhaji?" Ta ce, "Isassu."

Aka samo wani ofishin masu binciken kuɗi da ba su taɓa jin labarinmu ba. Muka kwaso katan-katan daga ƙarƙashin matakala, har rasiɗin batir yana ciki. Suka ɗauki watanni. A cikin watannin nan Inna ba ta tambayi kowa komai ba, amma duk ranar da na je sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Jama'a kuwa suka ce tsawon lokacin ma alama ce.

Kawu ne ya karanta sakamakon a taro, shi da aka naɗa sabon ma'aji. Ya karanta da Turanci, ya sake faɗa da Hausa don kada wani ya ce bai gane ba. Ko sisi bai ɓace ba. Abin da aka zuba yana nan, da abin da ya haifa a banki. Sannan ya faɗi adadin da bakinsa, karo na farko a tarihin ƙungiya. Wata tsohuwa ta yi salati. Wasu fuskokin kuwa sai ka ce an hana su wani abu da aka yi musu alkawari. Dattijon nan mai "riƙo" ya ce, "Ai da ma mun sani." Daga bencin baya wani ya ce, "Shi oditan, wa ya kawo shi?"

A ranar aka soke dokar shaidu biyu. Yanzu takardar likita ta isa, mutum ɗaya ke gani. Da yamma muka kai wa Inna labari. Ta sa aka karanta mata shafin ƙarshe, ta ce a maimaita, aka maimaita. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi ambulan ɗin, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa a'ar da ya ce da wadda ya yi wa kansa. Ya ba Inna haƙuri, ya ba Kawu dauriyar jin abin da za a fara faɗa a kansa.

Daga asusun aka biya masu binciken. Tun da aka kafa shi, bai taɓa biyan kuɗi mai yawan wannan ba.